Kafin a Kai Ayari Filayen Golf na Gaɓar Tekun Sikotland

Duk lokacin da abokan wasanmu na Kano, Kaduna da Abuja suka fara maganar fita waje domin buga golf a ƙungiyance, sunan da ke fara fitowa daga bakinsu shi ne St Andrews, garin da ke gaɓar gabashin Sikotland a yankin Fife, kuma ba na ganin laifinsu, domin wanda ya daɗe yana kallon gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, a talabijin ba zai rasa sha'awar taka wannan fili da ƙafarsa ba. Da yake ni ake ɗora wa nauyin shirya irin waɗannan tafiye-tafiye, na kafa wa kaina ƙa'ida guda, wato ba na sanya wani filin bakin teku a cikin jadawalin ayari sai na je na zagaya shi a ƙafa tun daga ramin farko har na ƙarshe. Wasu daga cikin abokaina suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda a yau kowane fili yana da hotunansa da bidiyonsa a intanet, ga kuma kamfanonin yawon buɗe ido da ke shirye su haɗa wa mutum komai ta waya. Ni kuwa na lura cewa abubuwan da ke faranta wa ayari rai ko su ɓata masa tafiya a bakin teku, wato iska, tsawon tafiyar ƙafa da tafiyar lokaci, babu ɗaya daga cikinsu da ke fitowa a hoto.

Filayen da ake kira links suna kwance ne a kan ƙasar yashi da ke tsakanin teku da gonaki, ƙasar da ba ta da amfani sosai ga manomi, shi ya sa tun zamanin da aka bar ta domin kiwon tumaki da wasan mutanen gari. Ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, ciyawarta siririya ce mai gajarta, bishiyoyi kuma kusan babu su, sai dai wata ƙaya mai furanni ruwan ɗorawa wadda in ƙwallo ta faɗa cikinta gara a haƙura da ita. Saboda taurin ƙasar, ƙwallo takan ci gaba da gangarawa mita da yawa bayan ta sauka, tana bin tudu da kwari yadda ta ga dama. A nan ne na ga wani abin da ya ba ni sha'awa: mutanenmu da suka koyi wasa a filayen Arewa, inda ƙasa ke bushewa ta yi tauri a lokacin hunturu, kuma da yawansu suka saba da burawun na yashi tun kafin su taka girin na ciyawa (duka biyun sunan dandalin da ke kewaye da rami ne), sun riga sun iya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ta gangara zuwa rami. Baƙon da ya zo daga Amurka, wanda ya saba ɗaga ƙwallo sama ta faɗo ta tsaya a kan ciyawa mai laushi, yakan fi namu shan wahala a kwanakin farko. Don haka ban cika damuwa da hannun 'yan ayarinmu ba. Ƙafafunsu da juriyarsu ga sanyi su ne abin da nake zuwa aunawa.

Batun ƙafa shi ne na farko, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi jahilta. A filin IBB na Abuja da makamantansa, dattijon da gwiwa ke damunsa yana iya hawa ƙaramar motar fili ya kammala ramuka 18 ba tare da ya jigata ba. A Sikotland kuwa golf wasan tafiya ne, kuma manyan filayen bakin teku ba sa sakin motocin nan ga duk wanda ya nema. A tsohon filin St Andrews, wanda ake kira Old Course, sai mai lalura ta dindindin da ya gabatar da takardar likita ake ba wa mota, kuma kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, shi ne zai tuƙa ta, ba ɗan wasan ba. Zagaye guda yana cin tafiyar kilomita 8 zuwa 10 a kan ƙasa marar daidaito, sau da yawa iska na tura mutum baya. Ayarinmu kuma galibi ya ƙunshi tsofaffin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa waɗanda suka haura shekara 60, wasu na fama da hawan jini, wasu da ciwon sukari, kuma babu wanda zai yarda ya faɗa a gaban sa'o'insa cewa ba zai iya ba. Idan na tambayi ɗayansu, amsar da nake samu ba ta wuce, “Haba, Malam, ai mun taka abin da ya fi wannan.” Aikina ne in san gaskiyar filin ta yadda ba sai an kai ga gwada wannan magana ba.

Katin maki yana nuna tsawon kowane rami, amma ba ya nuna nisan da ke tsakanin girin da wurin bugun ramin gaba, kuma ba ya nuna hawa da gangara. Old Course kansa shimfiɗaɗɗe ne, wuraren bugunsa kusa suke da juna, don haka duk da shahararsa bai fi ƙarfin dattijo mai ɗan ƙwari ba. Filin Castle, wanda aka buɗe a 2008 a kan tsaunin da ke kudu maso gabashin garin, shi ne ya fi kowanne kyau a hoto, domin daga kansa ana hango hasumiyoyin St Andrews da teku gaba ɗaya, amma hawansa da saukarsa da buɗewarsa ga iska sun sa ba zan kai ayarin dattawa can a rana ta biyu a jere ba. Haka kuma filin Balcomie na garin Crail da ke kusa, wanda tsawonsa bai kai yadi 6,000 ba, kowa zai ɗauka hutu ne idan ya duba alƙaluma, sai dai gidan kulob ɗin yana kan tudu, daga can ake gangarawa a fara wasa, kuma dole a hawo kafin a gama. Wanda bai hau wannan tudu da jaka a kafaɗa ba zai rubuta “rana mai sauƙi” a jadawali da zuciya ɗaya.

Iska kuwa sai an tsaya a cikinta ake fahimtarta. Old Course yana miƙewa ne daga bakin gari zuwa wajen mashigar kogin Eden, ya yi ɗan zagaye a can, sannan ya juyo gida, ta yadda iskar da ta taimaki mutum a tafiya ita ce za ta yaƙe shi a dawowa. Kadi-kadi na wurin suna cewa wani lokaci takan juya tare da juyawar ruwan teku, mutum ya fuskance ta a tafiya kuma ya fuskance ta a dawowa. Ko a watan Yuli da ƙyar zafin rana ke kaiwa digiri 20, kuma idan iskar Tekun Arewa ta haɗu da yayyafi, mutumin da ya baro Kano a tsakiyar damina zai ji yatsunsa sun sandare. Akwai kuma wani hazo da ke tasowa daga teku a wannan gaɓa ta gabas, musamman a bazara da farkon rani na can, wato lokacin ɗuminsu, wanda mutanen wurin ke kira haar. Yana iya rufe fili da safe har a dakatar da fita, alhali kilomita kaɗan cikin ƙasa rana na haskawa. Saboda haka nakan tambayi kowane kulob abin da yake yi wa ayarin baƙi idan hazo ya cinye musu lokacin fita, ko a matsar da su gaba a ranar, ko a ba su wata rana, ko a mayar da kuɗi, domin amsoshin sun bambanta, kuma wanda ke zaune a gaban tebur yakan faɗa maka abin da ake yi a zahiri, ba abin da ke rubuce kawai ba.

Yanzu sai maganar Old Course ɗin kansa, wanda saboda shi ake tafiyar. Filin ba mallakar wani kulob ba ne. Hukumar amintattu ta St Andrews Links Trust, wadda dokar majalisa ta kafa a 1974, ita ke kula da shi tare da sauran filayen garin a madadin jama'a. Haƙƙin mutanen gari na yin wasa a wannan ƙasa yana rubuce tun a wata takarda ta 1552, kuma a nan ne aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, adadin da duniya ta bi daga baya. Kasancewarsa filin jama'a ba ya nufin samunsa da sauƙi. Hanyoyin shiga kaɗan ne: a nemi gurbi kusan shekara guda kafin lokaci, ko a saya daga kamfanonin da aka ba izini a kan farashi mai tsada ƙwarai, ko a shiga ƙuri'ar da ake jefawa kwana 2 kafin ranar wasa, wadda ke karɓar sunayen mutum 2 zuwa 4 a takarda guda. Ana kuma neman shaidar handikaf, wato ma'aunin gwanintar ɗan wasa wanda ke raguwa gwargwadon ƙwarewarsa, da bai wuce 36 ba. Ma'anar wannan ga ayarin mutum 12 ko 16 a fili take: idan aka dogara da ƙuri'a, wataƙila rukuni ɗaya ya dace, sauran su tsaya suna kallo daga bayan shinge, kuma duk wanda ya taɓa jagorantar manyan mutane ya san irin shirun da zai biyo baya a wajen cin abincin dare. Ra'ayina shi ne a faɗa wa kowa gaskiya tun kafin ya biya ko kwabo, a kuma yarda tun a gida a kan yadda za a raba mutane cikin rukunan ƙuri'a, da abin da waɗanda ba su dace ba za su buga a wannan rana.

Ranar Lahadi ba a wasa a Old Course in ba lokacin wata babbar gasa ba; filin yakan koma wurin shan iska na mutanen gari, iyalai na yawo da 'ya'yansu da karnukansu. Ga mai bugawa wannan rana ce da ta ɓace, amma ga mai shirya tafiya babu ranar da ta fi ta amfani, domin yana iya bin ramukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tare wa kowa hanya ba. Zai ga girin-girin 7 masu faɗi da ramuka biyu-biyu ke tarayya a kansu, zai leƙa gurbin yashin nan mai zurfi na rami na 14 da ake kira Hell, ya ga yadda aka jera yankakkiyar ciyawa aka gina bangonsa a miƙe, zai tsaya a rami na 17 ya ga kusancin titi da katanga da bayan girin. Gurabun yashin filin 112 ne, kuma da yawansu ba a ganinsu daga wurin bugu, abin da ya tabbatar mini cewa ɗaukar kadi a nan wajibi ne ga baƙo. Na kuma gane cewa ayarin da bai samu gurbin wasa ba yana iya zuwa ranar Lahadi ya zagaya, ya ɗauki hoto a kan gadar Swilcan, 'yar gadar dutse da ta yi suna a ramin ƙarshe, cikin natsuwa, wanda hakan na rage wa mutane da yawa zafin rashin dacewa.

Abin da ziyara ta fi koya mini shi ne darajar filayen da sunansu bai kai gida ba. Dab da Old Course akwai New Course, wanda shahararren ɗan wasan garin, Old Tom Morris, ya tsara aka buɗe a 1895, kuma 'yan gari da dama sun fi son bugawa a kansa. Kusa da teku akwai Jubilee na 1897, mai tsauri da ƙunci a tsakanin tuddan yashi, sai Eden na 1914, wanda ya fi dacewa da ayari mai gauraye da gwanaye da masu matsakaicin hannu. Masu koyo suna da Balgove mai ramuka 9, kuma iyalan da suka rako mazajensu ko iyayensu suna iya shiga filin gangara ƙwallo da ake kira Himalayas, na wani kulob ɗin mata da aka kafa a 1867, inda kowa ke biyan kuɗi kaɗan ya yi nishaɗi. Idan aka bi gaɓar zuwa kudu ana isa Kingsbarns, wanda aka buɗe a 2000, mai tsada amma mai karɓar baƙi da kyau, inda rami na 15 ke buƙatar a tsallake duwatsun bakin ruwa da bugu guda. Gaba da shi akwai Crail, wanda ƙungiyarsa ta samo asali tun 1786, sannan Elie, inda tudu ya tare ganin mai bugun farko, har aka kafa madubin leƙe da aka ciro daga wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa domin mai sallamar 'yan wasa ya tabbatar cewa na gaba sun wuce. Irin wannan abu ne dattawanmu ke ci gaba da ba da labarinsa bayan sun manta makin da suka ci.

Carnoustie, wanda ke arewacin kogin Tay, yana buƙatar a yi masa magana ta daban. Kowa na son ya ce ya buga shi, saboda a nan ne Jean van de Velde na Faransa ya iso ramin ƙarshe na gasar Open ta 1999 da ratar bugu 3, rafin Barry ya cinye masa ita, Paul Lawrie ya ɗauki kofin. Bayan na bi ramukansa na ƙarshe a ƙafa na ga yadda rafin ke lanƙwasa yana sake tare hanya, na yanke shawarar cewa mai handikaf sama da 20 ba zai ji daɗinsa ba a ranar iska, sai dai ya zubar da ƙwallaye ya riƙe na bayansa. Abin da ya rage mini shi ne in raba ayari a ranar, gwanaye su shiga babban filin, sauran su buga Burnside da ke maƙwabtaka da shi, a haɗu a ci abinci tare. Faɗa wa babban mutum cewa an sa shi a ƙaramin fili yana buƙatar hikima, kuma na ga maganar ta fi shiga idan na ce, “Ranka ya daɗe, na taka su duka biyun, wannan ne za ka fi morewa,” maimakon in ce haka na karanta.

Taswirar waya tana ba da nisa daidai, amma lokacin da take bayarwa na ƙaramar mota ne, ba na bas mai ɗauke da mutum 16 da jakunkunan sanduna 16 ba. Daga Edinbara zuwa St Andrews kusan kilomita 80 ne ta kan gadar Queensferry da aka buɗe a 2017. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa tun da aka rufe ta a 1969, sai a sauka a Leuchars a ƙarasa da mota. Hanyoyin ƙauyukan masunta na kudancin Fife ƙanana ne, suna ratsa tsakiyar gari, kuma tarakta guda na iya riƙe bas na tsawon lokaci. Kulob-kulob na can ba sa wasa da lokacin fita. A Old Course minti 10 ne tsakanin rukuni da rukuni, ana kuma sa ran a gama zagaye cikin kusan awa 4, wanda ya makara kuwa ya rasa gurbinsa da kuɗinsa ko wane ne shi. Sanin halinmu na fitowa daga ɗaki a makare ya sa nake ƙara rabin awa a kan duk abin da na auna da kaina. Wannan aune-aune ne kuma ya sa na daina yarda da shawarar haɗa Fife da gabashin Lothian a mako guda daga masauki ɗaya. Filayen gabashin Lothian, wato North Berwick da Gullane da Muirfield, suna hangen Fife ta tsallaken ruwa, amma sai an zagayo ta Edinbara ake isa, Muirfield kuma ranakun Talata da Alhamis kawai yake karɓar baƙi, yana kuma buƙatar kwat da nakatayi a ɗakin cin abinci. Wannan yanki ya cancanci tafiyarsa ta kansa.

Akwai buƙatun da ayarinmu ke da su waɗanda kamfanin da ya saba da baƙin Amurka ba zai yi tunaninsu ba sai an faɗa masa, kuma ko an faɗa masa, ba lallai ya san abin da zai duba ba. Na farko salla. A watan Yuni rana na fitowa wajen ƙarfe 4:30 na asuba, ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, don haka tsakanin isha'i da asuba ɗan lokaci ne ƙanƙane, kuma mutumin da barcinsa ya rarrabu haka bai kamata a sa shi fita ƙarfe 7 na safe ba. Tsawon yinin kuma alheri ne ta wani ɓangaren, domin ana iya fara wasa bayan azahar a gama da sauran haske mai yawa. A kowane gidan kulob nakan nemi a nuna mini wani ɗaki ko lungu mai tsabta inda mutane za su shimfiɗa darduma, in duba wurin alwala, in kuma gane alƙibla, wadda daga can take kudu maso gabas. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba, amma na lura cewa sakataren da aka yi wa bayani ido da ido watanni kafin zuwan ayari yakan tanadi wurin da kansa. Game da Juma'a, babban masallacin Dundee, wanda aka buɗe a 2000, yana tsakanin St Andrews da Carnoustie ta gadar Tay, don haka ranar Juma'a ce ranar da nake ware wa Carnoustie, a yi salla bayan ƙarfe 1, sannan a wuce fili.

Na biyu abinci. Karin kumallon otal-otal na Sikotland yana zuwa da naman alade da wani tsiran jini a faranti guda da ƙwai, kuma sai an shiga an yi magana da mai dafa abinci ake sanin ko zai iya ware kasko. Kifi shi ne mafita a wannan gaɓa, Anstruther ma ta yi suna da soyayyen kifi da dankali, amma wajibi ne a tambayi abin da aka kwaɓa fulawar da shi da irin man da aka soya, domin wasu na zuba giya a kwaɓin, wasu kuma na soyawa da kitsen dabba. Naman halal ya fi samuwa a Dundee da Edinbara, kuma nakan je in ci a gidan abincin da kaina, in ga ko zai iya zaunar da mutum 16 a lokaci guda, in kuma tambayi ƙarfe nawa yake rufe kicin, saboda ƙananan garuruwan nan suna daina dafa abinci da wuri, tun rana ba ta faɗi ba a lokacin rani.

Masauki ma haka. Yawancin gidajen baƙi na tsakiyar St Andrews tsofaffin gine-gine ne masu hawa 3 ko 4 da matattakala ƙunƙuntacciya, babu na'urar hawa, kuma hoton ɗaki ba ya nuna yawan matakan da za a taka kafin a kai gare shi bayan tafiyar kilomita 10. Nakan duba ko akwai ɗakin shanya rigunan ruwa da takalma, da wurin ajiye jakunkuna a ƙasa, da inda bas zai iya tsayawa. Garin kuma garin jami'a ne, wadda aka kafa a 1413, don haka makon yaye ɗalibai a farkon rani yakan cika ɗakuna ya ɗaga farashi, kamar yadda gasar Dunhill ke yi a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ake rufe Old Course da Carnoustie da Kingsbarns ga baƙi. A 2027 gasar Open za ta dawo St Andrews, kuma duk mai shirin kai ayari a wannan shekara ya kamata ya nisanci makonnin da ke kewaye da ita.

Mutanen da na fi amfana da su a waɗannan ziyarce-ziyarce ba manajojin talla ba ne. Mai sallamar 'yan wasa a ramin farko, shugaban kadi-kadi da mai kula da ciyawa su ne suka san filin. Daga bakinsu ake jin makon da za a huda girin a zuba yashi domin ciyawa ta sha iska, aikin da ke mayar da fili mai tsada abin takaici na kwanaki, da kuma sa'o'in da aka keɓe wa 'yan kulob. Daga shugaban kadi-kadi na fahimci cewa kadi ba ma'aikacin kulob ba ne mai albashi, ɗan wasa ne ke biyansa kai tsaye bayan zagaye, tare da ƙarin ihsani da al'ada ta tanada, kuma neman kadi 16 a safiya guda a tsakiyar rani sai an yi shi tun da wuri. Wannan na buƙatar a yi wa mutanenmu bayani, domin kadin can sau da yawa dattijo ne ko ɗalibin jami'a ko gwanin ɗan wasa, yana ba da shawara ne a matsayin masani, kuma ba zai lamunci irin tsawar da wasu suka saba yi wa yaran da ke ɗaukar musu jaka a gida ba.

Masu cewa ziyarar na da tsada suna da hujja, musamman a yanzu da canjin fam ya yi wa naira nisa. Abin da nake yi shi ne in haɗa ta da wata tafiyar da ta riga ta kai ni Birtaniya, in je a farkon bazara ko ƙarshen kaka lokacin da masauki ke da sauƙi, kuma ba dole ne in buga kowane fili ba, tunda yawancinsu suna barin mutum ya zagaya idan ya nemi izini. Sai dai wanda ya je a watan Nuwamba ya tuna cewa filin da ya gani ba shi ne na Yuni ba: ciyawar gefe ba ta yi tsawo ba, a Old Course ana bugawa a kan 'yar tabarma domin kare ƙasa, Kingsbarns kuma a rufe yake a lokacin sanyi. Akwai kuma tarkon da ya kamata mai shirya tafiya ya kiyaye. Otal ko kulob da ya ji cewa kana da ayari yana iya ba ka ɗaki ko zagaye kyauta, ya karɓe ka hannu biyu, kuma kunya kaɗai na iya sa ka saka shi a jadawali ko bai dace da mutanenka ba. Na fi son in biya kuɗina, idan kuma na karɓi wani rangwame in sanar da 'yan ayari.

Abu na ƙarshe da ke ɗaure dukkan lissafin shi ne biza. Filayen suna son a biya kuɗi watanni da yawa kafin lokaci, galibi ba sa mayarwa, alhali takardar neman bizar ziyara ta Birtaniya ba a shigar da ita sai ya rage wata 3 a tafi. Wato mutum zai biya kuɗin fili tun bai san ko za a ba shi izinin shiga ƙasar ba. Shi ya sa a kowane ofis nake tambayar ko za a yarda a sauya sunan ɗan wasa idan wani bai samu biza ba, da kuma ranar ƙarshe da za a iya rage adadi. Wasu filayen sukan amince idan an yi musu bayanin halin da masu fasfo ɗin Najeriya ke ciki, amma gurbin Old Course da aka samu da suna yana da tsauraran sharuɗɗa, don haka waɗanda suka riga suke da biza mai dogon wa'adi nake fara sanyawa a takardar neman sa. Jadawalin da nake ba ayari yanzu yana farawa da Eden washegarin isowa, ana barin kwanaki biyu a tsakiya a buɗe domin ƙuri'a tare da New ko Jubilee a madadin, Juma'a ta tafi Dundee da Carnoustie, Asabar a gangara Crail ko Elie, Lahadi kuma a huta a zagaya Old Course a ƙafa kafin a kama hanyar filin jirgin Edinbara ranar Litinin.